Naman Kaza: A Sani Kafin A Ci

 

Ran Litinin ɗin da ta wuce, bayan an kwana uku ana marka, wata yarinya 'yar aji shida ta same ni da aka fita tara, riƙe da ƙulli a gefen hijabinta. Ta kwance, sai ga naman kaza guda biyar farare tas, kowanne laimarsa ta kai faɗin tafin hannu. Ta ce a hanyarta ta zuwa makaranta ta tsinto su, cikin ciyawa a bakin kanal. Wai ta ga wata Baturiya a wayar yayanta ta shiga daji da kwando ta tsinto irinsu, ta dawo gida ta soya da kayan ƙamshi na ƙasashe dabam-dabam, ba nama, ba man shanu, ba ƙwai, ta zauna tana ci tana lumshe ido. Ita ma tana so ta yi wa innarta irin wannan girki, domin an kwana biyu tukunyarsu ba ta ga tsoka ba. Na ce, "Wa ya nuna miki cewa wannan na ci ne?" Ta ce, "Malama, ba kowa. Ai sak irin na cikin wayar ne." Na karɓe ƙullin na sa a aljihun tebur na kulle.

Yarinyar nan ba ta yi laifi ba. Niyyarta ma abar yabo ce, kuma rabin maganarta gaskiya ne. Girki ba nama ba abin kunya ba ne, koyon dabarun girkin waɗansu ƙasashe kuwa ƙaruwa ce. Amma tsinto naman kaza a daji a jefa tukunya don kawai ya yi kama da wanda aka gani a hoto, wannan ganganci ne da rai. Kama da wane ba ta wane. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami yau ke nan, domin na tabbata ba ita kaɗai ta ga wannan hoto ba.

Bari mu fara da rabin da ta yi gaskiya.

A shekarar 1944 wani Bature ɗan Ingila mai suna Donald Watson da abokansa suka kafa ƙungiyar masu ƙaurace wa nama da kifi da madara da ƙwai, kai har zuma, watau duk abin da ya fito daga jikin dabba. Suka raɗa wa kansu suna bigan. Waɗansu tausayin dabbobi ne dalilinsu, waɗansu neman lafiya. Tun kafin su, akwai mutane da yawa a Indiya waɗanda ba su cin nama kaka da kakanni, haka nan Kiristocin Habasha ba su taɓa nama ko nono ko ƙwai ran Laraba da Juma'a da sauran kwanakin azuminsu, sai miyar garin wake da ganye. Mu dai ba wanda ya hana mu nama, halal ne, kuma ba na kiran kowa ta bar shi. Abin da nake so mu lura da shi shi ne, abincin da waɗannan mutane suke rubuta littattafai a kansa, suna buɗe masa gidajen abinci masu tsada, mu shi muke ci kullum, sa'an nan muna sunkuyar da kai.

Ki duba garau-garau. Shinkafa ce da wake da man gyaɗa da yaji, wace dabba ce a ciki? Ɗanwake fa, in ba a yanka masa ƙwai ba? Ƙosai da koko, dambun zogale, kwaɗon rama da na tafasa da ƙuliƙuli, waina da miyar taushe, alale, faten wake, tuwo da miyar kuka wadda daddawa ta ji. Duk waɗannan in aka kai su Landan aka jera a faranti, kuɗi za a biya a ci. Amma a nan sai ki ga mace ta yi baƙi, ta rasa na sayen nama, ta shiga ɗaki tana matsar hawaye, ko ta aika a ciwo mata bashi wurin mahauci, don kada a fita a ce miyarta lami ce. Akwai gidan da aka yi yaji a kan tsoka biyu. Ni kuwa ina ganin miya ba ta zama lami don rashin nama, sai don rashin hannu.

Batun ɗanɗanon ƙasashen waje kuma, ai tukunyar Bahaushiya ta daɗe da zama zangon baƙi. Tumatirin nan da ake lodawa a manyan motoci a Kwanar Gafan, asalinsa daga nahiyar Amurka yake. Haka barkono, haka gyaɗa da masara da rogo, duk bayan shekarar 1500 suka ƙetaro teku zuwa Afirka. Kanumfari daga tsibiran Indunusiya ya fito, citta mai yatsu daga Asiya, ko da yake yanzu a kudancin Kaduna ake noma ta jibge. Garin kori ɗan Indiya ne, dunƙulen Maggi kuwa daga Suwizalan. Awarar da 'yan mata ke soyawa a kowace ƙofar gida da yamma, mutanen Sin sun fi shekara dubu suna yin ta. A nan ƙasar, cibiyar binciken aikin gona ta IITA da ke Ibadan tana cikin waɗanda suka dage wajen koya wa mata sarrafa waken suya a shekarun 1980, ga shi yau yaro ba zai yarda ba a gidansu aka ƙago ta ba. Ashe ke nan wadda ta ce ba ta son baƙon ɗanɗano, sai ta fara kwashe rabin kayan miyarta ta zubar.

To, me ya sa naman kaza yake tsaya wa nama a miya, har ya ci sunansa? A shekarar 1908 wani malamin kimiyya na jami'ar Tokyo, Kikunae Ikeda, ya yi ta bincike a kan wani irin garɗi da yake ji a romon ganyen teku, wanda ba zaƙi ba ne, ba tsami ba, ba ɗaci ba, ba kuma gishiri ba. Ya gano sinadarin da ke kawo shi, a shekarar da ta biyo aka fara sayar da shi da sunan Ajinomoto, watau farin magin nan da muka sani. Wannan sinadari yana cikin nama, yana cikin naman kaza, yana cikin nunannen tumatir, balle in an shanya shi ya zama kauɗa. Yana kuma cikin daddawarmu ta kalwa, cike. Kakanninmu ba su san sunansa ba, amma sun san miyar da ta ji daddawa ba ta neman mahauci. Mutanen Sin da Japan su ma ruɓar da waken suya suke yi su sami wani baƙin ruwa mai gishiri na zubawa a girki, wanda in kin shinshina za ki ji ɗan uwan daddawa ne. Mu ne muka wayi gari muna toshe hanci, wai ƙauyanci.

Yanzu sai rabin da ya sa na kulle aljihun tebur.

Naman kaza ba tsiro ba ne irin na ganye. Ba ya fure, ba ya 'ya'ya, ba ya bukatar rana. Ainihin jikinsa waɗansu siraran zaruruwa ne farare da ke yaɗo a cikin ƙasa ko ruɓaɓɓen itace, in ruwa ya sauka sai su turo laimar nan da muke gani, dare ɗaya. Irinsa dubbai ne a duniya. Akwai na ci, akwai wanda ba daɗi ba illa, akwai mai sa amai da gudawa, akwai mai juya hankali, akwai mai kisa. Mu Hausawa yawancinmu ba mu ɗauke shi abinci ba, shi ya sa sunayensa ba su da yawa a bakinmu. In mun ce naman kaza ko laimar kwaɗi, kusan mun gama. Ba haka abin yake ga maƙwabtanmu ba. Yarabawa na ce masa olu, Ibo na ce masa ero, kowane iri da nasa suna, kuma da damina za ki ga mata sun kasa shi a bakin hanya suna sayarwa. Gwarawa da Nufawa da Tibi duk suna ci. Yarinya a can tun tana goye take bin uwarta daji, har ta girma ta san wanne ne wanne kamar yadda 'yar Kura ta san tafasa da rai-ɗore, masu kama da juna, ba ta taɓa haɗa su. Wannan sani ba a samunsa a waya.

Wanda ya fi suna a cikin na ci a ƙasashen Afirka shi ne mai fitowa a kan suri ko kusa da shi. Labarinsa abin mamaki ne, ina kuma so 'yan makaranta su riƙe shi. Ashe gara manomiya ce. Ita ke kwaso ciyawa da itace ta kai cikin suri, ta tauna ta gina waɗansu ɗakuna kamar saƙar zuma, ta shuka irin wannan naman kaza a kai, shi ya narkar mata da itacen, ita ta ci. In damina ta yi sai ya huda ƙasa ya fito. Shi ya sa in an haƙa gindinsa ake samun doguwar saiwa siririya wadda ta nutse har cikin gidan gara, tsakiyar laimarsa kuma da ɗan tsini. A Zambiya akwai wani ɗan wannan dangi wanda laimarsa kan kusa mita guda a faɗi, guda ɗaya ya ishi gida. Masana ba su rubuta shi a littafinsu ba sai a shekarar 1980, alhali mutanen ƙauye sun gaji cinsa. Amma fa, 'yar uwa, wannan kwatance da na yi ba izini ba ne. Ba duk abin da ya tsiro kusa da suri ne na gara ba. Ga kuma macizai da ke son ramukan tsohon suri. Tsofaffi da suke hana yara wasa a wurin, suna cewa gidan aljanu ne, sun san abin da suke yi.

Mai kisan da ya fi kowanne ɗaukar rai a duniya ɗan asalin Turai ne, amma ya bi saiwar itatuwan da ake kaiwa dashe ya bazu zuwa Amurka da Ostireliya da Afirka ta Kudu. Turawa na kiransa hular mutuwa. Ba shi da muni, ba shi da wari, waɗanda suka ci suka tsira ma sun ce yana da daɗi. Laima guda tana iya kashe babban mutum. Muguntarsa ita ce ba ya nuna kansa da wuri. Sai an yi awa shida, wani lokaci har kwana guda, kafin amai da gudawa su taso. Bayan kwana ɗaya ko biyu sai mutum ya ji sauƙi, 'yan uwa su ce an warke, nan kuwa dafin yana can yana cin hanta. In ido ya yi rawaya, aiki ya riga ya yi nisa. A watan Yuli na 2023, a jihar Biktoriya ta Ostireliya, baƙi huɗu suka ci abincin rana da aka sa shi a ciki, uku suka rasu. A 2025 kotu ta tabbatar da gangan mai girkin ta sa. Abin lura gare mu shi ne, abincin nan gasa shi aka yi ya gasu sarai, wuta ba ta rage wa dafin komai ba.

Ga wani abin da ya fi kama da labarin ɗalibata. Mutanen kudu maso gabashin Asiya suna da wani naman kaza da suke nomawa a kan karan shinkafa, sun san shi tun suna yara. Da waɗansunsu suka yi ƙaura zuwa Amurka da Ostireliya, sai suka ga hular mutuwa tun tana ƙarama, ta yi kama da nasu na gida, suka tsinta suka dafa. An sha kwasar iyali guda zuwa asibiti a kan haka. Waɗannan fa ba jahilan naman kaza ba ne, gwanaye ne, amma gwanintarsu ta ƙasarsu ce. To, ina ga yarinyar da ta ga na dajin Turai a waya, ta zo bakin kanal a Kura tana neman irinsa?

Saboda haka ina roƙonku ku watsar da gwaje-gwajen nan da ake yaɗawa. Wai in tsutsa ko ƙwaro ya ci, mutum ma zai iya ci. Ƙarya ce, cikin ƙwaro dabam, naki dabam. Wai in an sa cokalin azurfa ko albasa a tukunyar, in da dafi za su yi baƙi. Ba su yi. Wai fari na ci ne, mai launi shi ne mugu. Mafi yawan masu kisa farare ne ko masu ɗan duhu-duhu marasa ɗaukar ido. Wai a ba kaza ko kyanwa a gani. Na riga na gaya muku akwai dafin da sai ya kwana yake tashi, kafin kazar ta faɗi kun riga kun wanke kwanuka. Tafasawa da zubar da ruwan fari, ko jiƙawa da gishiri ko kanwa, ko shanyawa, duk ba su kashe irin wannan dafi.

In tsautsayi ya sa wani ya ci wanda ba a sani ba, kada a tsaya ɗura masa manja ko madara ana jiran a gani. A nufi asibiti nan take, ko da bai fara jin komai ba, a tafi da ragowar ɗanyen ko dafaffen don likita ya gani, a kuma faɗi lokacin da aka ci. Kada a yarda da sauƙin kwana na biyu. Iyaye mata, ku riƙa duba gindin randa da bayan ɗaki da wajen turke da damina, ku tuge duk wanda ya fito, domin mai rarrafe ba ya tambaya.

Mu nan ƙasar noman rani muna da wani ƙarin dalili na hattara. Tun da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo, ruwa ya biyo kanal ya ratsa Bunkure da Garun Malam da Kadawa da Kura, gonakinmu ba su hutawa rani da damina. Alheri ne babba, amma ya zo da feshi. Ana fesa maganin ciyawa a kan kunya da bakin kanal, ana fesa na ƙwari a tumatir, musamman tun annobar tsutsar nan ta 2016 da manoma suka sa wa suna sharon. Naman kaza kuwa kamar soso yake, yana zuƙe abin da ke cikin ƙasar da ya tsiro. Ko na ci ne, in a gonar da aka yi feshi ya fito, ko a gefen titin Zariya inda hayaƙin motoci ke sauka, ko kan juji, a bar shi. Wannan magana ta shafi har tafasa da lalo da zaƙi-banza da muke aiken yara su tsinko. Ki tambayi inda aka samo.

To, uwargida, kada ki ce na kwaɗaita miki sa'an nan na hana ki. Ga yadda za ki yi girkin, in kin sami naman kazan da babu shakka a kansa: wanda aka noma, ko na gwangwani da busasshe da ake samu a manyan kantunan Kano, ko na daji wanda wata dattijuwa da ta shekara tana cinsa a wannan ƙasa ta tsinto da hannunta, kuma ita ma za ta ci.

Don mutum shida, ki tanadi shinkafarmu ta Kura gwangwani huɗu, naman kaza cikin kwanon sha biyu, awara yanka goma wadda ba a tsoma a ƙwai ba, albasa biyu, tafarnuwa ƙwaya biyar, citta ɗanya kamar babban yatsa, daddawa biyu, tumatir shida, tattasai uku, attarugu gwargwadon bakin gidanki, garin kori cokali ɗaya, man gyaɗa ludayi guda, gishiri, da lemon tsami.

Kada ki jiƙa ɗanyen naman kaza a ruwa. Ki kankare ƙasar gindinsa da wuƙa, ki ɗauraye shi da sauri ki tsane, ki yayyaga da hannu. Sirrin duka yana wajen suya, nan ne kuma mutanen Sin suka fi kowa. Su wuta suke ba kasko sosai, su zuba kaɗan-kaɗan, su yi ta juyawa. Ki ɗora kaskonki ya yi zafi, ki zuba mai kaɗan, ki baza naman kazan kada ya hau kan juna. Zai fitar da ruwa, kada ki tsorata, kada kuma ki rufe. Ki bar ruwan ya ƙone ƙaf, sai ki ga ya tsuke ya koma ƙasa da rabi, gefensa ya fara ja, ƙamshi kamar na tsire ya tashi. Sa'an nan ne za ki barbaɗa gishiri ki kwashe. Wadda ta jefa shi ɗanye cikin ruwan miya za ta sami abu mai santsi kamar roba, ta ce Malama ta yi mata ƙarya. Ɗanye kuwa kada a ci shi sam, ko wane iri ne.

A sauran man ki soya albasa har ta yi laushi ta soma ja. Ki zuba dakakkiyar citta da tafarnuwa, ki juya kamar minti ɗaya, kana ki zuba garin kori a cikin man. Wannan dabarar Indiyawa ce, a mai sukan soya kayan ƙamshi tukuna don ƙamshin ya buɗe. Ki kula kada ya ƙone, yana ɗaci. Sai ki zuba jajjagenki da dakakkiyar daddawa, ki bar su su soyu har mai ya taso. Ki tsaida ruwa kofi ɗaya, in ya tafasa ki zuba awara da naman kazan, ki rage wuta minti goma. Da kin sauke sai ki matsa lemon tsami rabi. A ci da farar shinkafa, da kwaɗon zogale a gefe in akwai.

In busasshe kika samu, shi kam jiƙa shi ake yi a ruwan ɗumi, kuma kada ki zubar da ruwan. Ki tace ki dafa shinkafar da shi. Haka mutanen Italiya suke yi, suna soya ɗanyar shinkafa da albasa, su riƙa zuba romon kaɗan-kaɗan suna juyawa har ta yi laushi ta kama jikinta. Ni dai na fi son tawa warara, amma kowa da bakinsa. In kuma naman kazan bai samu ba gaba ɗaya, ki jiƙa kauɗar tumatir ki yanka, ki soya yalo ya yi ja, ki bi sauran yadda na faɗa. Ba wanda zai tambaye ki ina nama. Ranar farko da za a ci naman kaza a gida, kowa ya ɗan taɓa kaɗan, don akwai cikin da ba ya karɓarsa, kuma kada a ajiye ɗanye a leda ya kwana.

Sai dai gaskiya guda, kada suna ya ruɗe mu. Naman kaza ɗanɗanon nama gare shi, ba ƙarfin nama ba. Kashi tara cikin goma na jikinsa ruwa ne. Abin da ke gina jiki a wannan girki shi ne awara da daddawa, shi ya sa ban yarda a cire su ba. Wake da waken suya da gyaɗa, in aka haɗa su da hatsi, suna tsaya wa nama wajen gina jiki. Lemon tsamin nan ma ba ado ba ne, yana taimakon jiki ya zuƙi sinadarin ƙarin jini da ke cikin ganye da wake, shayi kuwa a kan abinci rage shi yake yi. Amma akwai bitamin guda, B12, wanda ba a dogara da tsiro a same shi, sai nama da kifi da ƙwai da nono. Su Turawan da suka bar waɗannan, ƙwayarsa suke saya a kantin magani suna sha. Don haka mai ciki da mai shayarwa da yaron da aka yaye, kada a ce za a yi musu yayin Turai. A nema musu ƙwai, ko nono, ko ɗan busasshen kifi, ko sau biyu ne a mako. Maigida, in an karanta maka wannan, da kai nake.

Akwai wata hanya da nake ganin ta fi yawon daji, kuma a ƙofar gidanmu take. Kowace kaka da kowane ƙarshen rani, ana tara karan shinkafa a gonakin Kura da Bunkure, wani a ba dabbobi, wani a cinna masa wuta hayaƙi ya turnuƙe gari. Wannan kara shi ne gonar naman kazan Asiya da na ambata ɗazu. Zafi yake so da laima, kuma kamar mako biyu bayan an zuba iri ake fara tsinka. Akwai wani irin kuma mai kama da kunne, wanda ake nomawa a cikin leda da aka cusa wa dafaffen kara ko garin katako, a rataye a ɗaki mai inuwa ana yayyafa masa ruwa. Ba ya son fili, ba ya son taki, matar da ke cikin kulle za ta iya yinsa a ɗakin ajiya. Wanda aka shuka da irin da aka sani, an san abin da zai fito. Ƙasar Sin ta fi kowace ƙasa noman naman kaza, nesa ba kusa ba, a nan gida kuma cibiyar bincike ta FIIRO da ke Oshodi a Legas ta daɗe tana koyar da shi. Ga tashar binciken noman rani ta Jami'ar Ahmadu Bello a nan Kadawa, ga Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, ga malaman gona. Muna kira gare su da su dubi wannan al'amari, su samo iri mai kyau, su fara da ƙungiyoyin mata masu turara shinkafa, waɗanda dama sun saba da tukunya da tururi. In ba a ci a gida ba, manyan otal-otal da kantunan birni suna saye.

Ku kuma 'yan makaranta, ga aikin hutu. Kowacce ta zauna da kakarta ko wata tsohuwa a unguwa, da littafi da fensir, ta tambaye ta ganyayen daji da aka ci a shekarun yunwa, da sunan kowanne, da inda yake fitowa, da yadda ake gyara shi, da wanda ake gudu. In kuna da maƙwabciya Bagwariya ko Bayarabiya, ku gaishe ta da ladabi ku tambaye ta yadda ake yi a garinsu. Ku rubuta, kada ku ɗanɗana.

Na kusa mantawa da ƙullin da ke aljihun tebur. Bayan an tashi, na kira yarinyar da ƙawayenta biyu, muka yanke laima guda daga karanta, muka kifa ta a kan farar takarda, muka rufe da kwano muka tafi gida. Dabara ce ta masana, domin ƙurar irin da ke zubowa daga ƙarƙashin laimar tana da launi, launin kuma yana taimakawa wajen rarrabe dangi. Na suri ƙurarsa ja-ja ce mai haske. Da safe muka ɗaga kwano, sai ga zane a takarda kamar ƙafar keke, kore shar-shar mai duhu. Wannan shi ne wanda ke fitowa cikin ciyawa a ƙasashe masu zafi bayan ruwa, fari kyakkyawa, wanda ke sa amai da gudawa mai tsanani cikin 'yan awoyi, har ya kan kwantar da yaro ko tsoho a gadon asibiti. Yarinyar ta daɗe tana kallon takardar, ta ce, "Malama, da Inna zan ba." Muka haƙa rami a bayan aji muka binne su duka biyar, muka wanke hannu da sabulu. Ran Asabar za ta zo gidana da waken suya gwangwani biyu, mu yi awara.